Wace rariya za ka ɗauka don tankaɗe nau'o'i a C++?

Wani ƙanena da ke karatun kwamfuta a jami'ar KNUST ya same ni a Zongon Kumasi da tambaya. Yana da jerin nau'o'in bayanai na yaren C++, int da double da long da std::string, yana so ya ware na cikakkun lambobi kaɗai tun kompaila, mai juya rubutun shiri ya zama manhaja, na cikin aiki, kafin manhajar ta soma gudu. Ya ce, "Yaya, wanne zan ɗauka?"

Zaɓi huɗu ne: rubutawa da hannu, ko ɗaya cikin laburare uku na Boost, wato tarin kayan aikin C++. Babu wanda za ka cire ko sidi ɗaya a kansa. Abin da za ka biya shi ne zaman jiran kompaila, musamman a kan laftof ta hannu irin wadda ake saya a Adum, da kuma karatun saƙon kuskure.

Rubutawa da hannunka, wato templet (tsarin C++ mai karɓar nau'o'i) na kiran kansa yana cire nau'i ɗaya bayan ɗaya, ya kamata kowane ɗalibi ya yi ko sau ɗaya don ya ga cikin abin. Amma kowane nau'i na ƙara zurfi, kuma kompailar GCC na tsayawa a zurfi 900 in ba ka ɗaga masa iyaka ba.

Boost.MPL tsoho ne, na zamanin C++98. Jerinsa a nau'i 20 yake tsayawa sai ka taɓa saiti. In ba gādon tsohon aiki ka ci ba, wuce shi.

Boost.Hana na Louis Dionne ya shiga Boost a 2016, yana buƙatar C++14. Sai ka naɗe kowane nau'i cikin hana::type_c ya zama kamar ƙima, sannan hana::filter ya tace, ka kuma warware. Yana da daɗi in aikin ya haɗa nau'o'i da ƙimomi, amma don tankaɗe kawai, zagayen ya yi yawa.

Ni Boost.Mp11 na Peter Dimov na ce ya ɗauka. Ya zo da Boost 1.66 a 2017, C++11 ya ishe shi. Layi ɗaya ne: mp_copy_if<L, std::is_integral>. L shi ne jerin, std::is_integral kuma shi ke gane nau'in cikakkiyar lamba. Abin da ya fi burge ni, bai tilasta maka zuba jerin a kwandonsa ba. Ka ba shi std::tuple, std::tuple zai mayar maka. Ka ba shi std::variant, haka. In kishiyar kake so, ga mp_remove_if. Mp11 fayilolin kai ne (header files) zalla, ba ya jingina da sauran Boost, don haka ba sai ka ƙona data wajen sauke laburaren gaba ɗaya ba.

Kafin la'asar ya turo min sakamako: int da long ne suka rage a jerin.