Hattara da mai sayar da kayan kwamfuta da ke cewa "kayanka ne ba su dace ba"

Assalamu alaikum jama'ar Kaduna, musamman matasan da ke tara kuɗi don haɗa kwamfutar tebur, ko ta zane da haɗa bidiyo ko ta wasa. Akwai wani mutum da ke tallar kayan kwamfuta a Facebook da zaurukan WhatsApp, yana cewa kayansa 'yan Beljiyam ne daga Legas, wai kuma yana da shago a wajajen titin Ahmadu Bello. Ba zan kama suna ba, don sunan canza shi yake yi, haka lambar waya da asusun banki. Salon damfarar ne kawai bai canza ba. Ni gyaran kwamfuta ce sana'ata, kuma injinan da aka haɗa da kayansa sun yi ta zuwa teburina da ciwo iri ɗaya.

Ba irin ɗan damfarar da zai ga alat ya kashe waya ba ne. Kaya suna zuwa, a cikin kwali mai kyau har da leda. Shagon ne dai ba za ka taɓa gani ba: yau zai ce maka yana hanyar Zariya, gobe yaronsa zai same ka a tashar Kawo, jibi mai keke zai kawo maka har gida. Ka haɗa, ka danna maɓalli, fanka ta juya, monita baƙi ƙirin. In ka kira shi sai ya amsa da fara'a: "Haba Malam, nawa lafiyarsa ƙalau, madabod ɗinka ne bai dace ba. Amma akwai wani a hannuna, zan rage maka." Ka sayi madabod, wato babban allon da ake jona duk kayan a kansa, sai laifin ya koma kan ram, ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. Ka sayi ram, ya koma kan fawa saflai, akwatin da ke rarraba wa kayan wuta. Da rashin sanin me ke dacewa da me yake cin mutane, shi ya sa zan tsaya a kan wannan.

Babbar hajarsa katin girafik ne na jabu, wato katin da ke sarrafa hoton da ke fitowa a monita, wanda aka fi rubuta wa GTX 1050 Ti. Na ainihi kamfanin Nvidia ya fitar da shi a 2016, da ma'adanar bidiyo 4GB. Abin da ke cikin kwalin nasa tsohon GTS 450 ne na 2010 ko wani sa'ansa, an sauya masa manhajar da ke cikinsa don ya riƙa faɗa wa Windows sunan ƙarya. Zai nuna hoto, za ka kalli bidiyo lafiya, shi ya sa mutum ke sakin jiki. Ranar da ka buɗe wasa mai nauyi ko manhajar haɗa bidiyo, aiki ya wuce ɗan ƙaramin ma'adanar da katin yake da ita da gaske, sai hoto ya dagargaje ko komai ya rufe. Alama mafi sauƙi ko kwalin ba ka gama buɗewa ba: in ka ga shuɗin ramin VGA, na tsohuwar wayar monita, a bayan katin da aka ce 1050 Ti ne, ka yi shakka, don zuriyar GTX 10 ta bar siginar VGA. Sannan ka sa manhajar GPU-Z mai nuna bayanan katin, kyauta ce. Na gaske zai nuna 768 a wurin Shaders, GTS 450 kuwa 192 ne, kuma sau da yawa manhajar da kanta za ta rubuta FAKE a gaban sunan. Wani ƙarin: sabon direban Nvidia, wato manhajar da ke sa Windows aiki da katin, ba ya hawa kansa, sai tsohon da ya haɗo maka a faifai.

Tarko na biyu ya fi wayo, don kayan na gaske ne, haɗin ne na mugunta. Soket shi ne gurbin da firosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta, ke zama a kan madabod, kuma na Intel mai suna LGA1151 iri biyu ne da suna ɗaya. Madabod masu H110 ko B250 na firosesa zuriya ta 6 da ta 7 ne, su kuwa H310 da B360 da Z390 na zuriya ta 8 da ta 9 ne. Firosesa i5-8400 zai zauna daram a kan H110, ka rufe murfi ba tare da wata gardama ba, amma ba zai tashi ba. Shi ya san haka sarai, sai ya haɗa maka su a matsayin "saiti", daga baya ya ce kai ka lanƙwasa fil wajen sawa.

Haka yake yi da ram. Nau'in ram na DDR4 da na DDR5 ba sa shiga ramin juna, tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba, wannan da wuya a cuce ka da shi sai in ba ka duba ba. Ka dai tuna madabod mai soket AM5 na kamfanin AMD ba ya karɓar komai sai DDR5, mai soket LGA1700 na Intel kuwa akwai mai DDR4 akwai mai DDR5. Wanda ke kama mutane shi ne ram ɗin manyan injinan sabar, mai rajista, wanda ake samu da araha idan kamfanoni sun sauke tsofaffin injina. Yana shiga ramin DDR4 kamar an yi shi don wurin, amma madabod na gida ba ya aiki da shi. Ka karanta sitika: in ka ga RDIMM ko REG, ajiye masa abinsa. Araha dai ba ta ado.

Akwai kuma abin da ba jabu ba ne, amma yana ɓoye maka shi da gangan. Firosesan Intel mai harafin F a ƙarshe, kamar i5-10400F ko i3-12100F, ba shi da girafik a cikinsa. Ryzen 5 3600 da 5600 na AMD ma haka, sai mai G irin 5600G ne ke da shi. In ba ka da kati, duk yadda ka jona waya a madabod hoto ba zai fito ba. To a nan ne zai ce ai sai ka sayi kati, sai ya ciro 1050 Ti ɗin nan nasa. Tsohon madabod na B450 kuma yana buƙatar a sabunta masa BIOS, manhajar da ke cikin madabod ɗin, kafin ya gane Ryzen 5000, aiki ne na ɗan lokaci a wajen mai gyara, ba dalilin sayen sabo ba.

SSD ɗinsa ma, wato ma'ajiyar fayiloli, kar ka yarda da abin da ke rubuce a jiki. Gwada shi da manhajar H2testw, wadda ke cika shi da bayanai ta karanto su, nan ne mai 1TB na ƙarya ke tona kansa. Fawa saflai kuwa, in an rubuta 650W da tambarin 80 Plus amma ka ɗaga ka ji shi sakayau, kar ka jona shi da kayanka. Da irin wutarmu mai hawa da sauka, ga sauyawa daga NEPA zuwa janareta, shi ne zai ƙone ya tafi da madabod.

Kafin ka yarda da duk wanda ya ce kayanka ba su dace ba, ka yi ɗan bincike da kanka. Duba ko wayar monita tana jikin katin girafik, ba jikin madabod ba. Duba wayar wutar firosesa mai fil 8 da ke can saman madabod, ita aka fi mantawa. Cire ram duka, mayar da guda ɗaya, danna shi har ya yi ƙas ta ɓangarorin biyu. Cire ɗan batirin CR2032 da ke jikin madabod na mintuna kaɗan ka mayar. Madabod da yawa suna da ƙananan fitilu huɗu masu rubutun CPU, DRAM, VGA da BOOT, wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda matsalar take. Sabon haɗin DDR5 kuma kan ɗauki 'yan mintuna a tashin farko, ka yi haƙuri da shi. Kowane kamfanin madabod yana da jerin firosesan da ke aiki da kowane samfuri a shafinsa, ka duba kafin kuɗi su bar hannunka.

In za ka saya daga wanda ba ka sani ba, ku haɗu a shagon mai gyaran da kai ka zaɓa, a jona kayan a gabanku, a yi gwaji, sannan ka tura kuɗi. A rubuta maka rasit mai lambar jikin kayan. Shi wannan mutumin da zarar ka ambaci gwaji sai ya ce akwai wani daga Barnawa da ke jira da kuɗi a hannu. Bar wa na Barnawan.

Wanda kuma ya riga ya faɗa, kar kunya ta sa ya yi shiru. Ya adana hirarsu da shaidar tura kuɗi da hoton tallar kafin a goge ta, ya kai ƙorafi bankinsa da wuri, ya kuma kai rahoto ga 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke nan Kaduna. Kayan ma kar a jefar, har kwalin, don su ne shaida.