Faifai ko Zaure: A Ina Jaz Ya Fi Shiga Rai?

Ɗan'uwa, ka ce watanni kaɗan ke nan da fara jin kiɗan jaz, kana kuma tambaya ko sauraron faifai ya wadatar, ko kuwa sai mutum ya je inda ake kaɗawa ya zauna gaban makaɗa kafin a ce ya san abin. Na ji daɗin tambayar, don na daɗe ina juya ta a raina. Abin da nake gani shi ne faifai zai gyara maka kunne, zaure kuwa zai nuna maka yadda ake ƙera kiɗan. Aikinsu ba ɗaya ba ne.

Bambancin daga tsarin kiɗan ya taso. Yawanci makaɗa sukan buɗe da karin da kowa ya sani, sai ɗaya ya karɓa ya yi ta ƙirƙirar nasa nan take a kan wannan zubin, in ya gama wani ya karɓa, daga ƙarshe a koma kan karin farko a rufe. Saboda haka abin da aka kaɗa daren jiya ba shi za a kaɗa yau ba, ko da makaɗan ba su canza ba. Faifai rana ɗaya ya kama a cikin dubban ranaku.

To amma wannan kamun shi ne alherinsa. Sabon kunne ba ya iya bin mutum biyar ko shida lokaci guda, sai an maimaita masa. Ɗauki faifan Kind of Blue na Miles Davis, wanda aka ɗauka a zama biyu kacal a New York cikin 1959. Ji na farko, ka bi kakakin Miles kawai, ka lura da yadda yake barin wuri fili, ba ya cika shi da busa. Ji na biyu, ka manta da shi, ka bi bas ɗin Paul Chambers, wannan ƙaton gogen da ake tsayawa a kaɗa da yatsu, ka ji yadda yake takawa a ƙasa kamar mai riƙe wa kowa tsani. Na uku ka kwatanta masu busa saksofon biyu, John Coltrane da Cannonball Adderley: ɗaya yana haƙa kamar mai neman ruwa, ɗaya yana tafe cikin raha. A zaure ba mai ba ka wannan damar. Abin da ya wuce ka ya wuce.

Sannan manyan da suka gina kiɗan sun riga mu gidan gaskiya. Louis Armstrong ya rasu a 1971, Coltrane a 1967, Miles a 1991. In ba ta faifai ba, ta ina za ka ji su? Buddy Bolden, wanda ake ƙidaya shi cikin waɗanda suka fara wannan kiɗa a New Orleans, ba a san wani faifai nasa ba, sai labari kawai a bakin waɗanda suka ji shi. Duk sanda na tuna wannan sai in ƙara ganin ƙimar abin da aka adana mana.

Sai dai faifai yana da nasa takurawar, kuma ya kamata ka san ta don kada ta ruɗe ka. Faifan garmaho na da yawanci ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku da ɗan wani abu a gefe guda, kuma haka aka yi ta fama har 1948 da kamfanin Columbia ya fito da faifai mai dogon zango. Ke nan abin da Armstrong ya ɗauka a Chicago tsakanin 1925 da 1928, duk da kyawunsa, an yanka shi ne daidai wuyan faifan. Ko bayan an samu sarari ma, dubi Coltrane: My Favorite Things da ya ɗauka a sutudiyo bai kai minti 14 ba, amma da ya kaɗa shi gaban jama'a a Japan cikin 1966 sai da ya kusa cinye awa guda. Mutum ɗaya, kari ɗaya, amma kamar ba su san juna ba.

A nan ne zaure yake shigowa, kuma a nan na yarda da masu cewa gani ya kori ji. Akwai daren da na zauna a wani ƙaramin zaure, tsakanina da mai ganga bai fi taku uku ba. Makaɗa uku ne. Ana cikin tafiya sai mai piyano ya jefa wani ɗan gajeren kari, sau biyu, ya ɗago kai. Mai ganga ya ajiye sandunansa ya ɗauki burushin waya, ya mayar masa da karin nan a kan fatar ganga, a hankali kamar raɗa. Mai bas ya rufe ido yana murmushi, ya sauke nasa ƙasa ya ba su wuri. Ba wanda ya ce uffan. Shekaru na yi ina jin irin wannan a faifai ina zaton shiryawa aka yi, sai daren nan na gane hira ce suke yi, kuma ba wanda ya san inda za ta kai su. Ga kuma amon bas da kake ji a ƙirjinka kafin ya iso kunne, abin da abin sawa a kunne ba zai taɓa ba ka ba.

Kai ma mai sauraro kana cikin kiɗan. A al'adar jaz, in makaɗi ya gama nasa zagayen ana tafa masa nan take, ba a jiran ƙarshe, kuma wannan tafin yakan zuga na gaba. A bikin jaz na Newport a Amurka cikin 1956, Paul Gonsalves, mai saksofon a ƙungiyar Duke Ellington, ya zagaya zubin karin sau 27 a jere yana ƙirƙirar nasa, jama'a suka miƙe suna rawa suna ihu, shi kuma yana ƙara wuta. Wannan daren ne ya farfaɗo da sunan Ellington bayan kasuwar manyan ƙungiyoyi ta ja baya.

Ba kullum ake kwana a gado ba, gaskiya. Wani daren makaɗan a gajiye suke, wani daren na kusa da kai surutu ya kawo shi, wani lokacin lasifika ta danne piyano ba ka jin komai sai ganga.

Akwai kuma na tsakiya, wanda ba ka ambata ba amma nake so ka nema: faifan da aka ɗauka gaban jama'a. Mawaƙiya Ella Fitzgerald ta manta baitocin wata waƙa a Berlin cikin 1960, ba ta tsaya ba, ta yi ta ƙirƙirar nata tana dariya, har ta samu lambar Grammy a kan haka. A sutudiyo da gogewa za a yi a sake. Wanda ya fi taɓa ni shi ne na mai piyano Bill Evans a Village Vanguard, wani ƙaramin zaure na ƙarƙashin ƙasa a New York, ranar 25 ga Yuni, 1961. Kana jin ƙarar kofuna da maganganun mutane a bayan kiɗan, wasu ma kamar ba su damu ba. Kwana 11 bayan nan mai bas ɗin, Scott LaFaro, ya rasu a haɗarin mota yana da shekara 25. Waɗanda ke zaune ba su san abin da ke gabansu ba, mu da ba mu je ba ne muke ji muna sake ji. Sai dai a nan ma a yi hattara: faifan farko na wancan wasan Ellington a Newport an sake kaɗa wasu sassansa a sutudiyo aka ɗora tafi a kai, sai a 1999 aka fitar da cikakken abin da ya faru a filin.

Da ni ne kai, faifai biyu ko uku zan zaɓa in lazimce su har in iya bin kowane makaɗi shi kaɗai, maimakon in yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan. In dama ta samu ta zuwa zaure, kada ka jira sai babban suna ya zo, kuma kada ka je da niyyar auna su da Miles. Ƙaramin wuri ya fi. Ka je da wuri ka samu kujera ta gefen da za ka ga hannun mai piyano da fuskar mai ganga, ka sa waya a aljihu, in mai saksofon ya fara nasa ka ɗan ɗauke ido daga kansa ka kalli abin da sauran ke yi a bayansa.