Sojan ruwa ko sojan sama?

Ƙanena na son shiga soja, mun kwana biyu muna musu a zaurenmu na Mabera.

Shi sojan ruwa yake so. Yana da hujja: a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, jiragen ruwa ne suka toshe gaɓar Biyafara, suka sauke dakaru a Bonny, lokacin Joseph Wey na shugabansu. Amma ina Sakkwato ina teku?

Ni sojan sama na zaɓa masa. A 1964 aka kafa rundunar, ta shiga wancan yaƙi da jiragen MiG-17. Yau kuwa na ga matan Sabon Birni sun gudo da goyo a baya, ƙafa duk faso. Jirgi ne zai riski 'yan bindiga a daji kafin su watse. Abin da ke hana ni barci shi ne bam ya faɗa kan ƙauye, kamar yadda aka yi a Silame a Disambar 2024.