Context, Redux ko Zustand: wanne ya dace da aikinka?

A React, kayan aikin gina shafukan yanar gizo, da zarar sassa biyu na shafi masu nisa da juna sun buƙaci bayani ɗaya, kamar sunan wanda ya shiga ko abin da ke cikin kwandon sayayya, miƙa shi daga sashe zuwa sashe ta props, wato bayanan da sashe ke miƙa wa na ƙarƙashinsa, zai gajiyar da kai. Sai an nemi ma'ajiya guda da kowane sashe zai karanta daga ciki. Context, Redux da Zustand hanyoyi uku ne na yin hakan.

Abin da nake fara dubawa shi ne: in bayani ɗaya ya canza, sassa nawa ne za a sake zanawa? Na sha wahalar fom da ke nauyi duk harafin da aka buga. A nan Context, wanda React ya sabunta a 2018, yake gazawa, domin da ƙimarsa ta motsa, duk sashen da ke karanta ta sai ya sake zanuwa. Ka bar masa abin da ba ya yawan canzawa, kamar harshe da launin shafi.

Ni Zustand nake ɗauka. Layuka kaɗan sun isa ka gina ma'ajiya, ba sai ka naɗe manhajar cikin Provider, sashen da ke raba bayani ga na ƙarƙashinsa, kamar yadda ake yi da Context ba. Kowane sashe yana zaɓar abin da yake so kawai: mai nuna adadin kaya ba ruwansa da canjin adireshi. Har a wajen React kana iya karanta bayanan da getState, abin da ke ceton mutum wurin haɗa alamar shiga, wato shaidar wanda ya shiga, da saƙon da za a tura wa saba, kwamfutar da ke amsa buƙatun shafin.

Redux, na Dan Abramov da Andrew Clark tun 2015, sai babbar tawaga, kuma ta hanyar Redux Toolkit, kunshin da ke sauƙaƙa rubuta shi. Recoil kuwa, wata ma'ajiyar irin waɗannan, an daina kula da shi, kada ka ɗora sabon aiki a kansa.

Amma ka yi hattara wurin saukarwa daga npm, rumbun da ake ɗauko kunshin kod irin waɗannan. Maɓarnata na sanya kunshin bogi mai suna kusan iri ɗaya da na gaskiya. A 2017 an kama crossenv yana kwaikwayon cross-env, yana satar bayanan sirrin da ke cikin muhallin aiki. A 2018 an cusa mugun kod cikin event-stream, kunshin da jama'a suka daɗe da yarda da shi, don satar kuɗin kirifto. Kwafi sunan daga shafin masu shi, kada ka buga da ka. Duba wanda ya wallafa shi da ranar sabuntawarsa ta ƙarshe, sannan ka ajiye fayil ɗin kulle sigogi, wanda ke riƙe da ainihin sigar kowane kunshi da ka saukar, tare da kod ɗinka.