Shagon kayan gudu na kusa da filin Rwang Pam: yadda suka yi mana lokacin da ƙanina ya je gudun Legas

Masu ta tambayata inda muka yi wa ƙanina sayayya kafin ya tafi gudun fanfalakin Legas, to ga bayanin gaba ɗaya kowa ya huta, don wallahi na gaji da tura saƙon murya ɗaya ga mutum goma. Shagon ƙarami ne, yana nan kusa da filin wasa na Rwang Pam, ba zan kama suna ba saboda ba biyana aka yi ba kuma akwai inda zan yi ƙorafi, amma duk mai fita motsa jiki da asuba a garin Jos in ka kwatanta masa zai gane. Mai shagon kowa Koci yake ce masa, tsohon ɗan gudu ne, kuma a gaskiya shi ne shagon, in ka cire shi kayan da ke ciki ba su fi na wasu wurare ba.

Kayan dai su ne kambas sabbi da na gwanjo, safa, gajeren wando, riguna marasa riƙe gumi, gorar ruwa, sai wani yaro a ciki mai buga rubutu a riga. Kambas muka fara zuwa nema. Mun je da safe ya ce mu dawo da yamma, ni har na fara jin haushi na ɗauka yanga ce, ashe ƙafa tana ɗan kumbura in an wuni ana tafiya, kuma haka take yi a dogon gudu, don haka gwajin yamma ya fi gaskiya. Ya sa ƙanina ya saka da irin safar da zai yi gudun da ita, ya danna babban yatsansa a gaban takalmin ya ce dole a samu sarari kamar faɗin yatsa ɗaya, in ba haka ba farce zai yi baƙi ya fita. Yaron nan idonsa na kan wani mai tsada irin wanda 'yan Kenya ke sawa, Koci ya ce masa kai malam ajiye wannan, ba gudunka ba ne, kai gamawa kake nema ba kyauta ba. Mai kaya ya hana ka sayen mai tsada, a nan na fara yarda da mutumin.

Na gwanjo muka ɗauka a ƙarshe, kusan rabin kuɗin sabo, amma fa ku yi hankali da wannan. Kambas ɗin gudu yana da iyaka, yawanci tsakanin kilomita 500 zuwa 800 sosan ƙasan ya mutu ko da samansa yana ƙyalli, kuma na gwanjo ba ka san nawa mai shi na farko ya ci ba. Shi Koci yana lanƙwasa shi, ya duba dunduniya ko ta cinye gefe ɗaya, ya matsa sosan ya ga ko yana dawowa. In za ki je kasuwar Katako ki zaɓa da kanki za ki samu da arha fiye da nan, ba musu, sai dai can ba mai yi miki wannan dubawar. Ya kuma ce a sa shi a yi ta atisaye aƙalla wata guda kafin ranar, ba a shiga kilomita 42 da sabon takalmi.

Abin da ya sa nake rubutun nan ma ba takalmin ba ne. Muna shirin fita ya ce wa zai raka shi, na ce ni ce da wani ɗan kawunmu da ke zaune a Idi-Araba, sai ya jawo benci ya ce Hajiya zauna, ke ma kina da aiki. Ni a tunanina ɗan rakiya tsayawa kawai zai yi ya tafa. Ina! Ya ɗauko takarda ya zana min hanyar da hannu, daga babban filin wasa na Surulere inda ake tashi, a bi titin Ikorodu, a hau gadar Third Mainland, a sauka Ikoyi, a tsallaka Lekki, a ƙare a Eko Atlantic. Hanyar da aka bi kenan a shekarar da muka je, ku duba ta shekararku kafin ku tafi don masu shiryawa na iya canzawa. Ya ce gadar nan kusan kilomita 12 ce, ba inuwa, ba 'yan kallo, kuma a rufe take ga motoci, don haka in kin gan shi a wajen tashi ki manta da shi sai can gaba. Kar ki ce za ki gan shi a wuri huɗu, za ki ƙare ba ki gan shi ko ɗaya ba. Ki zaɓi wuri guda bayan kilomita 30 ki kafe a can, sannan wajen gamawa.

Dalilin kilomita 30 ɗin shi ne a nan ne abincin da jiki ya tara a tsoka yake ƙarewa, ƙafa ta yi nauyi, mutum ya fara tambayar kansa wa ya aike ni. A farkon gudu kowa dariya yake yana ɗaukar hoto, ba ya bukatar kowa. Can ne yake bukatar ganin fuskar gida.

Ya kuma ja mana kunne a kan zafi. Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, shi ya sa 'yan Filato, musamman na wajen Pankshin, suka yi suna a dogon gudu a ƙasar nan, huhu ya saba da iska mai ƙarancin ƙarfi sai ka sauka ƙasa ka ji numfashi ya buɗe. To amma gudun Legas yawanci a watan Fabrairu ake yi, tun da aka fara shi a 2016, lokacin mu nan muna fama da hunturu muna sa rigar sanyi biyu da asuba, can kuwa ƙarfe tara na safe kamar an kulle ka a kicin ana tuƙa tuwon biki. Gumi ba ya bushewa saboda damshin teku, jiki ba ya hucewa. Ya sa ƙanina ya mayar da wasu atisayen zuwa rana maimakon asuba a makonnin ƙarshe, ya ce kuma kar ya yi ta ɗirkar ruwa zalla a kowace tasha har ciki ya cika, gishirin jiki na iya yin ƙasa sosai kuma wannan ma haɗari ne, a haɗa da ruwan gishiri da suga.

Jakar da ya ce in riƙe kuwa ba wani abin kuɗi a ciki: ORS (haɗin gishiri da sugan nan), dabino, ayaba, basilin na shafawa a cinya da hammata da kan nono saboda gogar riga (maza kar ku yi dariya, na ga masu jini a gaban riga da idona), ƙaramin tawul, silifas, busasshiyar riga, da fawabank. Rabin kayan ma ba ya sayarwa, a kemis na saya, bai damu ba. Ya dai ce masu neman kyauta doka ta hana su karɓar komai daga hannun 'yan kallo sai a tashoshin da aka tanada, amma irin su ƙanina da ke can baya cikin dubban jama'a ba wanda ya kula don an miƙa musu dabino.

Yanzu ƙorafi, don akwai shi. Mun ba da aikin buga riguna, tasa da sunansa a ƙirji, namu kuma masu ruwan goro don ya hango mu daga nesa. Shawarar launin ta yi kyau ƙwarai, shawarar sa suna ma haka, don mutanen da ba su san shi ba suna ta kiran sunansa a hanya ya ce abin ya ƙara masa ƙarfi. Amma aikin kansa, kai. An ce mu zo Talata, muka je ba a fara ba, wai ba wuta, aka ce Laraba, sai ana gobe za mu shiga mota muka karɓa, ba lokacin gyara ko da an yi kuskure. Rigunanmu na 'yan rakiya kuma auduga ce mai kauri, a Jos daidai ne, a Legas kafin ƙarfe goma ta manne a jiki, ni da na ɗora ta a kan doguwar riga ga hijabi na ji jiki. Wanki biyu rubutun ya fara ɓarewa. Kyallen da suka buga mana mai ɗauke da sunansa shi ma ya yi girma da yawa, sai mutum biyu sun riƙe, ga iskar bakin teku tana ta naɗe shi, a ƙarshe ninke shi muka yi muka zauna a kai. Kwalin indomi da maka mai kauri ya fi shi amfani, na ga wasu da shi suna ɗagawa da hannu ɗaya.

Sannan shagon ba shi da tsayayyen lokacin buɗewa, in Koci ya fita da yaransa atisaye wajen Rayfield ko hanyar Lamingo sai ka tarar da yaron shago kawai, shi kuwa ba abin da ya sani sai farashi. Ku kira kafin ku je. Ba POS, sai tiransifa, ka tsaya kana jiran alat. Kayan mata kuma kusan babu, na tambayi dogon wando mai sauƙi da ƙaramin hijabin motsa jiki saboda ƙawata da ta fara fita gudu, ya ce ba a cika tambaya ba. To ai ba za a tambaya ba tunda an san babu.

Ranar gudun mun kwana a Idi-Araba, kusa ne da Surulere, muka yi asuba muka fita. Wajen ƙarfe 6:30 aka tashi. Jama'a kam ba a magana, na gan shi na daƙiƙa biyu ya ɓace. Daga nan sai lissafin da Koci ya koya min ya yi aiki: in yana cin kilomita ɗaya a minti 6 da rabi, zai kai kilomita 30 bayan awa 3 da minti 15, wato wajen goma saura kwata, a ƙara 'yan mintuna na cunkoson farko da na gajiya. Mun kunna lokeshon na WhatsApp ma, wanda ke nuna inda mutum yake kai tsaye, ku zaɓi na awa 8 ba na awa 1 ba, amma inda mutane suka yi yawa netwok yakan yi nauyi sai ka ga ɗigon ya tsaya wuri ɗaya, ni dai agogo da takardar nan na fi dogara da su. Tsallakawa tsibirin ita ce wahalar, hanyoyi a rufe, ga shi an hana acaba a wajajen Ikoyi da Victoria Island, ba don ɗan kawunmu ya san lunguna ba da ba mu isa ba, kuma duk da haka mun taka da ƙafa sosai. Ke 'yar rakiya, ki sa takalmi mai daɗi, ba ranar gayu ba ce.

Kafin mu samu wajen tsayawa ma 'yan Kenya da Habasha sun daɗe da gamawa, su awa biyu da 'yan mintuna suke yi, su ne ke kwashe manyan kyaututtukan, na farko har dala 50,000 aka riƙa ba shi a shekarun farko. Namu kuwa sai ga shi can yana jan ƙafa, fuska ta yi fari da gishiri, bai ma gan mu ba sai da ya hango ruwan goron. Mun riga mun yi da shi cewa a hannun hagu za mu tsaya, wannan ma Koci ne ya ce a tsayar tun a gida, don mai gudu ba shi da ƙarfin waige-waige. Ya kuma hana ni cewa saura kaɗan. Ya ce mutumin da ya rage masa kilomita 10 in kika ce masa saura kaɗan zai ji kamar ya mare ki, ki kira sunansa kawai ki ce yana ƙoƙari. Haka na yi, ina ta ihu ɗan Jos, ɗan Jos, har wasu Yarbawa da ke gefe suka kama min. Ya karɓi dabino, ya ce Yaya ƙafata, na ce wuce dai muna can muna jiranka. Mama kuwa tana ta kira daga gida kowane minti goma wai a ce masa ya tsaya haka nan in ya gaji.

Ya gama a awa huɗu da wani abu, aka rataya masa lambar yabo. A nan silifas ɗin nan ya fi komai daraja, da ya cire kambas har ajiyar zuciya ya yi, farcensa kuma lafiya lau ko ɗaya bai yi baƙi ba. Ba mu bar shi ya zube ƙasa nan take ba, muka riƙa tafiya da shi a hankali yana kurɓar ORS, abinci kuwa sai can da yamma ya iya ci. Kuma kar ku yanki tikitin motar dare ta ranar, hanyar Legas zuwa Jos kwana ake yi a zaune, ƙafar da ta yi wannan aikin ba za ta ɗauka ba, ku bari ya kwana ya huta tukuna.

In kina da mai shirin gudu, ko na Legas ne ko wanda ake yi a Abuja, ku je shagon nan da yamma, ku tabbatar Koci yana nan, ku sayi takalmi ku zauna ku ji bayani, ku tafi da biro. In kayan mata kike nema kar ki ɓata kuɗin keke. Riguna kuwa ku kai wa masu buga rubutu na cikin gari tun da saura mako biyu, ku ce yadi marar nauyi kuke so.