Man acyclovir na ƙurajen leɓe, abin da na gani

Jama'a masu fama da ƙurajen nan da ke fitowa a leɓe bayan zazzaɓi, ku zo ku ji. Ni da zarar maleriya ta sake ni ko hunturu ya busar min da leɓe sai su ɓullo, kullum a gefe ɗaya, su ɗuri ruwa su fashe su yi ɓawo, ko shayi ba na iya kurɓa cikin daɗi.

Abin da ya ƙona min rai shi ne lokacin da ƙanwata ta haihu a Gwammaja, ana shirin suna suka fito, na shiga wani kemis a unguwarmu, yaron shagon ko kallon bakin bai yi ba ya miƙo min man nan mai haɗi uku da ake shafa wa ƙaiƙayi, wai "Anti wannan yanzu zai busar da shi". Wallahi kafin a yi sunan abin ya bazu har ƙasan hanci, ga raɗaɗi ga kumburi. Sai da na je famasi na gaske na samu wata baiwar Allah, tana karanta kwalin ta ce "Hajiya ai wannan akwai steroid a ciki, danne garkuwar fata yake yi, cutar ta samu fili." Ita ta fahimtar da ni ashe ƙwayar bairos ce, HSV-1, tana kwanciya a jijiya ne zazzaɓi ko zafin rana ko gajiya ko al'ada su tashe ta, kuma wai hukumar lafiya ta duniya ta ce wajen kashi 64 cikin 100 na 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da ita. Ta ja min kunne sosai kar in sumbaci jaririyar, don ga jarirai cutar na iya yin kisa, kuma in ware kofi da cokali da tawul da man leɓena. Ranar suna daga nesa nake kallon 'yar nan, abin ya taɓa ni ba kaɗan ba.

Mai famasin ta ba ni man acyclovir 5%, in riƙa shafawa sau 5 a rana. A lokacin gaskiya bai yi wani abin kirki ba tunda sun riga sun fashe. Amma da suka so dawowa, ina jin ɗan tsikarin nan kamar tururuwa na yawo a leɓen na wanke hannu na shafa, Allah ƙurji ɗaya ne ɗan mitsitsi ya leƙo ya bushe, ko maigidan bai lura ba. Na ji daɗi sosai!

To amma fa ɗan bututun bai kai ɗan yatsa ba, ga tsada, kuma yana barin fari-fari a baki ka fita ana kallonka. Sannan ba ya kashe cutar, da zafin azumi ya zo sun sake taso min, in ba ka da shi a jaka a daidai lokacin to kuɗinka sun tafi a banza. Ku duba lambar NAFDAC kafin ku biya, in ƙurjin ya kusanci ido ko ya wuce kwana 10 bai warke ba ku tafi asibiti. Yaron kemis ɗin nan kuwa har yau in na wuce ina ganin mai haɗi ukun a jere a kantarsa, Allah kaɗai ya san bakin mutum nawa ya ɓata.