Santambul ko ƙauyukan Trabzon? Amarya, ku hau dutse

Amarya, tunda kwana bakwai kawai gare ku a Turkiyya, kina kuma tambaya ko ku yi zamanku a Santambul ko ku wuce ƙauye, ni na ce ku wuce. Ku ba birni kwana biyu, sauran biyar ku nufi wajen Trabzon, can gaɓar Bahar Aswad. Duka biyun mun taka ni da maigida, da kuɗin aljihunmu, ba labari aka ba ni ba.

Santambul tana da kyau, wannan ba a musu. Ku yi sallah a masallacin Sultanahmet mai hasumiya shida, ku shiga Aya Sofiya da aka mayar masallaci a 2020, ku ziyarci kabarin sahabi Abu Ayyub Al-Ansari a unguwar Eyup, ku hau jirgin ruwa ku tsallaka ɓangaren Asiya. Kwana biyu ya ishi wannan. Mu a zuwanmu na farko wani ejan a nan Kaduna ya sayar mana da kwana shida a otal cikin Laleli, unguwar 'yan sari, kuma har yau kuɗin nan na yi mini ciwo. Gari ne na mutum sama da miliyan 15, ga saƙonnin dangi na abaya da takalmi sun cika waya. Muka ƙare ina shiga shago ina fita, shi yana riƙe da ledoji. Mun dawo Unguwar Rimi a gajiye kamar waɗanda suka je saro kaya Kantin Kwari.

Zuwa na biyu a watan Satumba ne. Daga Santambul jirgi bai kai awa biyu ba ya sauke mu a Trabzon, mota ta ɗauke mu wajen kilomita 100 zuwa Uzungol, wani tafki da duwatsu suka rungume, masallaci mai hasumiya biyu a bakinsa. Ɗakin katako muka kama can sama da tafkin, a hannun wata dattijuwa da ɗanta. Da asuba muka idar da sallah na buɗe taga, sai na ga hazo ya kwanta a ƙasanmu, tafkin ma ba a ganinsa, ƙarar ruwa kawai da ƙararrawar shanu. Na kira shi ya zo ya gani. Mutumin da wayarsa ba ta minti biyar ba ta yi ƙara ba, ranar nan kife ta ya yi a kan gado, ya jawo kujera, muka lulluɓa da bargo ɗaya. Shekararmu goma sha huɗu da aure a lokacin, amma a wannan safiyar ya fara ba ni labarin rasuwar mahaifinsa daga farko har ƙarshe. Ban taɓa jin rabinsa ba. A Laleli ko sallamar juna da ƙyar muke ji don hayaniya.

Dattijuwar ba ta jin Turanci, mu ba ma jin Turkanci, sai nuni da hannu da alhamdulillahi, kuma mun fahimci juna sarai. Kowace safiya tana kawo mana kuymak, garin masara ne ake tuƙawa da man shanu da cuku, kina ɗaga cokali yana zare. Ki ɗauka talge ne ya sha man shanu. Da rana akwai kifin rafi soyayye da burodin masara. Shayi kuwa baƙi ne a ɗan kofin gilashi, ba madara, ba kuma a ƙirga kofi nawa kika sha. Ganyen daga maƙwabciyarsu Rize yake zuwa, kuma mun je mun gani: gonakin shayi a jikin gangaren dutse, mata na yanka da wani babban almakashi mai jaka a jikinsa, a ɗaure buhunan a turo su ƙasa ta igiyar ƙarfe. Daga Mayu zuwa Oktoba suke girbi, galibi sau uku. Wanda ya taɓa hawa Mambila zai ji ƙamshin wurin, sai dai nan ya fi laima.

Abu ɗaya zan gaya miki don kada ki ce na ɓoye. Bakin tafkin kansa ya cika da otal-otal da shaguna, kuma a Yuli da Agusta Larabawan yankin Gulf ne ke cika garin, farashi ya tashi sama. Shi ya sa na ce ku nemi ɗaki a sama, ko ku raba kwanakin, uku a Uzungol, biyu a Ayder cikin lardin Rize. Ruwan sama kuma ba ya sallama, Rize ta fi ko'ina samun ruwa a Turkiyya. Sanyin mai jiƙa ne, ba irin busasshen hunturunmu ba, don haka ki sa rigar sanyi da laima da takalmi mai kama ƙasa. Hanyar duk kwana ce a gefen kwari, kada ango ya ce shi zai tuƙa, ku ɗauki direban gari.

Ba ki tambaya ba, amma ki saurare ni a kan ejan. Duk wanda ya ce miki biza a hannunsa take tabbas, ki riƙe kuɗinki, ofishin jakadanci ne ke bayarwa ba shi ba. Namu hoton wani otal ya nuna mana, muka isa muka tarar da wani daban. Ki sa ya rubuta sunan otal da lambar ajiyar ɗaki, ki tuntuɓi otal ɗin da kanki, ki duba lambar tikiti a wajen kamfanin jirgi, ki kuma karɓi rasit kafin ki cika kuɗi. Can ma akwai nasu. Masu yawon yini mai araha a Trabzon rabin ranar a shagunan da ake ba su kamasho za ku ƙare. Za a miƙo miki kwalba a ce zumar Anzer ce, wadda ta yi suna a lardin Rize, alhali ta gaske kaɗan ake samu a shekara kuma tana da tsada ƙwarai, in kika ji araha ki ajiye. Haka za'afaran da ake aunawa da yawa a kuɗi kaɗan, furen wani tsiro ne daban. A tasi ki tabbata an kunna mita, ki kuma faɗi adadin kuɗin da kika miƙa da ƙarfi, don wasu kan sauya takardar su ce ƙarama kika ba su.

Ku fara da ƙauyen, ku bar Santambul a ƙarshe, saboda kilon kaya a jirgin cikin gida bai kai na jirgin dawowa Abuja ba, tsarabar da za ki saya ta jira ki a can. Ki duba kada ranar sayayyarki ta faɗa Lahadi, babbar rufaffiyar kasuwar Santambul, Grand Bazaar, a kulle take. Daga nan gida kuma ku bi jirgin ƙasa na Rigasa ana gobe tafiya, ku kwana a Abuja.